Layin da Khairiyya Ta Tsallake a Littafin Dakta

Shekara biyu cur Khairiyya tana durƙusa wa Inna Rahmatu duk inda suka haɗu, gidan biki ne ko gidan rasuwa, amma ko sau ɗaya matar nan ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ta ba. Za ta amsa gaisuwar can ƙasan maƙoshi, ta ja mayafi ta yi gaba kamar wadda ta baro tukunya a kan wuta.

Kuma fa ba a ce ga laifin yarinyar ba. Zayyad ɗan Inna Rahmatu ne ya gani ya ce yana so. Ita ma Khairiyya ta kamu, kamun da har 'yan ajinsu a makarantar koyon aikin ungozoma da ke Makarfi suka gaji da tsokanarta suka koma yi mata addu'a. Mahaifin Zayyad, Alhaji Ɗayyabu, dillalin tumatir a Paki, tun ranar farko ya sa albarka. Uwar ce ta kafe. A tambaye ta dalili, sai hawaye. Yayyenta sun yi magana, aminanta sun yi, har matar liman aka turo mata. Amsarta ɗaya ce: ya nemo wata, ko 'yar waye, ban da wannan.

Ni mai ba ku labarin nan ba zan ɓoye muku ba, na daɗe ina jin haushin matar nan. Marainiya ce fa yarinyar. Ranar da aka haife ta ranar uwarta ta cika, kowa a garinsu Furana ya san da madarar gwangwani aka raine ta. Wanda bai tausaya wa irin wannan ba, wa zai tausaya wa?

Shi ma mahaifinta Malam Inuwa tura ta kai bango. Akwai wani Shamsuddeen mai gonar inabi a Kudan, mutumin kirki marar hayaniya, sau uku magabatansa suna zuwa ana ba su haƙuri. Malam ya kira Khairiyya zaure ya ce shi ba zai yi mata dole ba, bai taɓa yi wa kowa ba, amma ba zai zuba ido 'yarsa ta tsufa a ƙofar gidan da aka ƙi buɗe mata ba. In mutanen Paki ba su zo ba zuwa Juma'a, to ta zo da kanta ta faɗa masa amsar da zai ba mutanen Kudan.

Da maganar ta kai kunnen Alhaji Ɗayyabu sai ransa ya ɓaci. Mutum ne mai saurin hawa, in kuwa ya furta magana ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya janyewa. Ya tsaya tsakar gida ya ce ranar Alhamis ƙannensa za su kai goro Furana, wadda ba ta so ta sha ruwa ta kwanta. Inna Rahmatu ta shige ɗakinta. An dai ce tun daga ranar ko loma ɗaya ta tuwo ba ta iya haɗiyewa.

Ranar Asabar, saura kwana biyar a kai goron, aka yi gasar neman jakar Dakta.

Duk wanda aka haifa tsakanin Ikara da Makarfi da Kudan, in ba Dakta Mukarrama ce ta karɓi haihuwarsa ba, to ta karɓi ta yayansa ko ta yi wa ƙaninsa allura. Ita ce mace ta farko a yankin da ta yi karatun likita. Maimakon ta yi zamanta a birni sai ta dawo Paki ta buɗe ɗan asibitin mata da yara mai ɗaki huɗu, ta ƙarar da ƙuruciyarta da tsufanta a cikinsa. Shekara uku ke nan da rasuwarta.

'Yarta Hajiya Sadiya, da ke aure a Kaduna, ta ce ita ba ta son taron tunawa irin wanda za a yi ta jawabi mutane na hamma. Sai ta ɓoye tsohuwar jakar aikin mahaifiyarta, ta ce ɗaliban ungozoma su kasu uku-uku su bi sawun Dakta gari-gari. Duk inda suka isa za a ba su takardar da za ta nuna musu gaba. Wadda ta fara ɗora hannu a kan jakar, ta zama tata.

Zayyad ne ya dage sai Khairiyya ta shiga. Ya ce Inna ba ta da wanda take ganin girmansa kamar Dakta, ko sunanta aka ambata sai ta share ƙwalla. Ga shi Alhaji ne shugaban taron rufewa a Paki, kuma ya ce dole Inna ta je. In ta ga jakar Dakta a hannun Khairiyya a gaban jama'a, wa ya sani ko Allah Zai sassauta zuciyarta.

"Ba na so a ɗaura mana aure Inna tana kuka," in ji shi. "Ki ciwo mana jakar nan, Khairi."

Da hantsi aka sallame su daga Makarfi. Zayyad ya kwashi Khairiyya da 'yan ajinta biyu a tsohuwar a-kori-kurar Alhaji, wadda warin tumatir ya kama har kujerunta. An kwana ana ruwa, masara ta fi mutum tsawo, hanya duk ta jiƙe.

Takardar farko ta ce su je inda motar Dakta ta taɓa lalacewa har ta karɓi haihuwar 'yan biyu a gindin itace. Wata tsamiya ce a hanyar Kudan, Zayyad ya san ta. Sai da suka bi ta gefen gonar Shamsuddeen, ga inabi nan reras a kan waya. Zayyad ɗan banza ya rage gudu da gangan, ya ce ta buɗe ido ta kalli arziki da kyau kafin ta zaɓi ɗan tumatir. Ta murguɗa baki ta ce ita dai ba ta taɓa jin an yi miya da inabi ba. Suka kwashe da dariya har motar tana kaucewa. Da na san abin da yammacin ranar zai zo da shi, da na ce su ƙara, su yi mai isarsu.

A gindin tsamiyar uwar 'yan biyun ce zaune a kan tabarma, tsohuwa tukuf, ta danne takardun da cinyarta. Ba ta bayarwa sai an durƙusa an gaishe ta tun daga kwana har gajiya har ruwan bana, sannan a faɗa mata yadda ake haɗa wa yaro ruwan gishiri da sukari. Waɗanda suka riga su isowa sun yi azarɓaɓin miƙa hannu, ta ce su koma bakin titi su sake sallama. Khairiyya ta zube ta gaishe ta a natse, ta amsa tambayar. Tsohuwar ta sa mata albarka ta miƙo takarda.

Ta biyu ta tura su Saulawa, bakin rijiyar da Dakta ta sa aka yi wa murfi shekarar da gudawa ta yi ta kwasar yara. Nan ne sanin hanya ya yi rana. Sauran motocin suka bi kwalta suka zagaya, wasu suka kafe a laka, shi kuwa Zayyad ya yanke ta hanyoyin gonaki da yake bi ɗaukar kwanduna. A bakin rijiyar aka ba su takarda ta ƙarshe. Layi ɗaya ne: su koma gidan aikin Dakta, jakar tana inda mai ita take ajiye ta.

Tsohon asibitin an daɗe da rufe shi, an koma sabon gini, ranar ce aka buɗe aka share. An kafa rumfuna a gabansa, jama'a sun fara cika. Wasu ɗalibai uku suka iso kusan tare da su, aka ruga ciki. Masu leƙa ƙarƙashin gado na yi, masu buɗe kabad na yi, har da mai zura hannu cikin randa.

Khairiyya ba ta taɓa komai ba. Abu ɗaya tak mahaifinta ya taɓa faɗa mata game da ranar haihuwarta. Ya ce da aka shigar da shi ɗakin ƙarshe ya kasa kallon gadon da aka lulluɓe matarsa, sai ya kafe idonsa a kan wata baƙar jaka da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ita ya yi ta kallo har Dakta ta zo ta yi masa ta'aziyya.

Ta taka a hankali zuwa ɗakin ƙarshe, ta janyo ƙofar. Ga jakar nan a ƙusarta.

Ta rungume ta ta fashe da kuka. 'Yan ajinta suka ɗauka murna ce, suka yi ta tsalle suna guɗa.

Bayan la'asar aka zauna. Maza a rumfar dama, Alhaji Ɗayyabu a kujerar gaba ya sha babbar riga, bakinsa ya ƙi rufuwa don ya ji wadda ta ci. Mata a rumfar hagu. Inna Rahmatu tana can layi na uku, kanta a sunkuye.

Hajiya Sadiya ta buɗe jakar a kan tebur tana fito da kayan ɗaya bayan ɗaya. Abin sauraron ƙirji, almakashi, ɗan ƙahon da ake kara wa cikin mai juna biyu. Daga ƙarshe ta zaro wani littafi mai baƙin bango da ya sha hannu. Tsofaffin mata suka ɗauki salati, don sun gane shi.

Dakta tana da wata al'ada. In uwa ta rasu wurin haihuwa, ko nono ya ƙi zuwa, sai ta bi gadaje tana roƙon masu goyo su taimaki jaririn saboda Allah. Duk wadda ta shayar, sai ta rubuta sunanta da na jaririn da na ɗan da take goyo a wannan littafi. Dalili kuwa sananne ne: waɗanda suka sha nono ɗaya sun zama 'yan uwa, babu aure a tsakaninsu har abada. Shi ya sa a zamaninta kafin a sa rana sai a aika a ce Dakta ta duba littafi. Da ta rasu aka kulle shi cikin kayanta aka tafi da shi Kaduna, al'adar ta bi ta kabari.

Hajiya Sadiya ta ce tun rasuwar ba ta iya buɗe shi ba, da ta ga rubutun hannun mahaifiyarta kuka yake ƙwace mata. Amma ta sayo atamfofi. Wadda ta ci jakar ita za ta karanto sunayen, duk uwar nonon da ke raye ta fito ta karɓi turmi ɗaya, a yi mata godiyar da ba a taɓa yi mata ba.

Aka miƙa wa Khairiyya lasifika.

Ta fara karantawa. Wasu sunayen sai a ce Allah Ya jiƙanta, wasu kuwa a ga tsohuwa ta taso tana dogara sanda, guɗa ta kaure. Wata da aka kira sai ga wani ƙaton soja ya fito daga rumfar maza ya zube a gabanta, ashe shi ne jaririn. Kowa ya yi hawaye. Khairiyya ta ci gaba, shafi bayan shafi, shekara bayan shekara, har ta iso shekarar da aka haife ta.

Idonta ya riga bakinta isa layin, kuma wannan ne ya cece su.

*Rahmatu matar Ɗayyabu, Paki. Ta shayar da Khairiyya 'yar Inuwa ta Furana kwana tara, tana goyon ɗanta Zayyad.*

A ƙarƙashinsa da jan biro, an ja layi biyu:

*Kada a ambata wa kowa. Mijinta ya gindaya mata saki in ta shayar da ɗan wani. Mahaifin yarinyar ma bai sani ba. Ni zan tsare.*

Ta karanta sau ɗaya, ta sake, ta kuma sakewa. Rubutun bai canza ba. Zayyad yayanta ne. Wanda ta kwana biyu tana zaɓar kalar labulen ɗakinsu, yayanta ne.

Ta ɗago. Alhaji Ɗayyabu yana mata murmushi yana gyaɗa kai, wai ta ci gaba. Can bayan rumfa Zayyad ya jingina da mota ya ɗaga mata babban yatsa. A layi na uku kuwa, karon farko cikin shekara biyu, Inna Rahmatu ta zuba mata ido. Ta cusa gefen mayafi a baki ta cije. Ba roƙo a idon, ba komai. Jira kawai take a kira sunanta.

Hajiya Sadiya ta matso ta tambaya ko rubutun ne bai fito ba. Khairiyya ta ɗora babban yatsanta a kan layin ta rufe shi.

"Ya fito, Hajiya," ta ce.

Ta tsallake, ta kira sunan da ke ƙasa.

Yadda ta kai ƙarshen littafin nan, Allah kaɗai Ya sani. Aka yi addu'a, aka tafa mata, aka mayar da kayan cikin jaka aka damƙa mata. Atamfofi sun yi saura saboda da yawan matan sun riga mu gidan gaskiya, Hajiya Sadiya ta ba ta turmi ɗaya. Da hankalin mutane ya koma kan rabon abinci sai ta zame ta koma cikin tsohon asibitin, ɗakin ƙarshe, ta zauna a bakin gadon da babu katifa.

Ba a jima ba ta ji takun silifa. Inna Rahmatu ta shigo ta tura ƙofar. Khairiyya ta zamo daga gadon za ta durƙusa kamar kullum, matar ta riƙo kafaɗunta ta hana ta.

"Kin gani," in ji Inna.

"Na gani, Inna."

Sai matar ta zauna daɓas a ƙasa, a kan siminti, ta fara magana kamar wadda aka ɓalle wa bakin buhu.

Ta ce a wannan asibitin aka kwantar da su ita da Zayyad, yana da shekara ɗaya da wata biyu, gudawa ta mayar da shi ƙashi da fata. Kafin shi ta binne 'ya'ya maza biyu, don haka Alhaji ya zama kamar zautacce a kansa. Tsofaffin gidansu kuwa suna cewa nonon da marayan haihuwa ya kama juyawa yake ya zama cuta ga ɗan gida. Alhaji ya san halin Dakta na roƙon masu goyo. A ƙofar asibitin nan, a gaban ƙaninsa, ya ce mata in ta kuskura ta ba ɗan wani nono, a bakin aurenta.

"Kwananmu uku aka kawo ki, an naɗe ki da zanin mahaifiyarki. An ba ki a cokali kin ƙi. Duk asibitin babu mai goyo sai ni. Dakta ba ta roƙe ni ba, ta san abin da aka ce mini. Kika yi ta kuka har muryarki ta dushe, sai baki kawai kike buɗewa. Ni kuma ga nono yana zuba yana jiƙa mini riga." Ta goge fuska da tafin hannu. "Ni na tashi na ɗauke ki da hannuna. Ba wanda ya sa ni."

Hawayen Khairiyya suka gangaro suna ɗiga a kan jakar.

Inna ta ce kwana tara ta yi tana ba ta, har ta yi ƙwari ta karɓi madarar da aka kawo daga Zariya. Yaron nan ma ya warke sarai, babu abin da nonon ya yi masa. Dakta ta yi mata alkawari ba mai ji, in kuma wata rana ƙaddara ta haɗa yaran, ita za ta san yadda za ta raba ba tare da an ambaci sunanta ba. Sai Dakta ta rasu. Shekara ɗaya bayan nan yaron ya shigo ɗakinta yana washe baki, wai ya ga wata 'yar Furana.

"Bayan ke na haifa wa Alhaji 'ya'ya huɗu. Biyu suna ɗakin miji da goyonsu. Ban taɓa tambayar malami ba, amsar nake tsoro. In aka ce auren ya mutu tun ranar, su mene ne sunansu a garin nan? Kin san bakin mutane." Muryarta ta karye. "Ba ƙin ki nake ba, 'yar nan. In na kalle ki jaririyar nan nake gani, sai in ji zan rungume ki a gaban mutane. Shi ya sa nake kawar da kai."

Allah Ya yafe mini haushin da na ji na baiwar Allah nan. Ashe wuta ce take ci a cikinta shekara biyu, mu muna waje muna cewa mugunta ce.

Inna ta ce ta riga ta yanke shawara tun kafin yau. Ba za ta bari a kai goron nan ba, ba za ta tsaya gaban Allah da wannan ba. Yau in sun koma gida za ta faɗa wa Alhaji, abin da zai faru ya faru. Ta gaji.

"A'a, Inna."

"To ya za a yi?"

Khairiyya ta ce ko a faɗa wa Zayyad shi kaɗai. Inna ta girgiza kai. Ta ce halin ubansa ne da shi, abin da ke cikinsa a fuskarsa yake. Kuma wanda ya yi shekara biyu yana rigima ya wayi gari ya ce ya fasa, Alhaji ba zai bar shi ya sha ruwa ba sai ya tono dalili.

Daga waje ana jiyo hayaniyar masu rabon shinkafa. A nan ne Khairiyya ta ga hanyar, kuma ta ga ita kaɗai ce. In namiji ya fasa, za a tambaya. In uwa ta hana, za a tambaya. Amma mace ta ga gonar inabi ta sauya ra'ayi? Wannan ba mai tambaya, zagi kawai za a yi.

"Ni zan fasa," ta ce. "Ba za ki faɗa wa kowa ba. Kin sa aurenki a bakin wuta don in rayu, ba ni ce zan tura shi ciki ba."

"Zai tsane ki fa."

"Na sani."

Inna Rahmatu ta jawo ta jikinta. Tun da Khairiyya ta yi wayo ba ta taɓa sanin yadda ƙirjin uwa yake ba sai ranar. Ta kifa kanta ta yi kukan uwarta da ba ta sani ba, da na Zayyad, da na kanta, matar tana shafa bayanta tana cewa ta yafe mata, ta yafe mata.

Da Khairiyya ta natsu sai ta ɗauko turmin atamfar ta ɗora wa Inna a cinya, ta ce nata ne, sunanta yana cikin littafin. Inna ta ɗaga shi ta kara a fuska, ta daɗe a haka. Sannan ta mayar mata.

"In na shiga da shi gida me zan ce? Ki ɗinka ki sa. In hango ki da shi ko daga nesa ne."

Khairiyya ta wanke fuska da ruwan randa ta fito. Zayyad yana nan jikin mota, yana ganinta ya taho da sauri har yana tuntuɓe. Murna ta cika masa fuska, abin tausayi.

"Na ga Inna ta bi ki ciki," ya ce. "Kun daɗe. Ta sauko ko? Na faɗa miki jakar nan za ta yi mana aiki."

Ta kafe idonta a kan tayar motar.

"Ka ce wa Alhaji kada a kai goro ranar Alhamis."

Ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce irin ta safe. Da ya ga ba ta ɗago ba sai dariyar ta tsaya. Ya tambaya ko Inna ce ta faɗa mata magana marar daɗi, in haka ne yanzu zai je ya sami Alhaji. Ta ce Inna ba ta ce komai ba sai alheri, har albarka ta sa mata, kada ya kuskura ya ɗora mata laifi. Ita ce dai ta yi tunani. Gobe za ta ce wa Malam ya amsa wa mutanen Kudan.

Ya roƙe ta. Ya tuna mata ranar da ya fara ganinta a tashar Ikara ruwa ya jiƙa mata littattafai. Ya tuna mata shekara biyun da ya yi bai ci abincin ɗakin uwarsa da daɗi ba saboda ita. Ya ce ta dube shi ta faɗa masa laifinsa, ko mene ne zai gyara. Namiji har namiji, ga hawaye yana bin gemunsa a gaban mutane.

"Ba ka yi komai ba," ta ce. "Na ga gonar ne da safe. Kai ka ce in kalla da kyau."

Wallahi da mari ta yi masa da ya fi sauƙi. Ya ja da baya. Ya dube ta tun daga sama har ƙasa kamar yau ya fara ganinta, ya goge fuskarsa da hula.

"Shekara biyu ina saɓa wa mahaifiyata a kanki," ya ce a hankali. "Ashe ita ta san ki, ni ne ban sani ba. Bari in je in nemi gafararta."

Ya juya ya nufi rumfar mata. Ta bi shi da kallo har ya isa inda Inna Rahmatu take tsaye, ya zube a gabanta ya kama ƙafafunta. Matar ta ɗora hannu a kansa, amma ba shi take kallo ba. Ta saman kansa take kallon Khairiyya, bakinta yana motsi ba sauti.

Motar makaranta ta yi ham. Khairiyya ta shiga ta zauna a kujerar ƙarshe, jaka a cinya, atamfa a ƙarƙashin hijabi. 'Yan ajinta suna ta tambayar me ya hana ta bin motar angonta, ta ce kanta ke ciwo.

Sai da suka bar Paki, gonakin masara suka rufe garin, sannan ta buɗe jakar ta zaro littafin. Ta nemo shafin. Ta daɗe tana kallon jan rubutun Dakta, *Ni zan tsare*. Ta laluba aljihunta ta ciro biron da take rubutu da shi a aji. Mota tana girgiza, ta rubuta a ƙarƙashinsa:

*An tsare, Dakta.*